Ginin Dare: Yadda Manhaja Ke Samun Gindin Zama a Baƙuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kallon fim a kwamfuta, ko ya zauna a shagon masu tura finafinai a waya, da wuya a ce bai taɓa ganin alamar nan mai ruwan lemo ba, mai kama da robar da ake jerawa a titi idan ana gyaran hanya. VLC ke nan. Kai mai Windows ne, tana buɗe maka. Abokinka mai Mac ne, tana buɗe masa. Ƙanenka ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfutar da ya gada, shi ma tana yi masa aiki, haka nan a wayar Android. Mun saba da hakan har ba ma tambayar yadda aka yi. Alhali kowace daga cikin waɗannan na'urori da harshenta, kuma fayil ɗin manhajar da ke buɗewa a ɗaya ko motsi ba zai yi a ɗayar ba.

VLC ta samo asali ne daga wani aikin ɗalibai a makarantar École Centrale, kusa da birnin Paris na Faransa, a 1996, aka kuma sake ta ga duniya a 2001 a ƙarƙashin lasisin GPL. Wannan lasisi ya ba kowa damar ya ga rubutun da aka gina ta da shi, wato rubutun tushe, ya gyara, ya raba wa wasu. Irin waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji: Firefox, GIMP, LibreOffice, Blender, Python, duk 'yan gida ɗaya ne ta wannan fuskar. Sai dai rubutun tushe ba manhaja ba ne tukuna. Kamar ƙullu yake, ba a cin sa sai ya hau tanda. Akwai wata manhaja ta daban da ke karanta rubutun da mutum ya yi, ta juya shi zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, ta haɗa shi da sauran kayan da yake buƙata, ta ƙulle su cikin fayil guda da za ka sauke ka ɗora. Wannan aiki shi ma'abota sana'ar ke kira gini. Kuma kowace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya irin su Windows da macOS da Linux, da irin tata tandar. Ƙullu ɗaya ne, amma sai an soya wa kowa nasa daban.

Ginin dare kuwa shi ne a ɗora wa na'ura wannan aiki ta riƙa yin sa da kanta kullum, a lokacin da aka tsayar mata, ba tare da wani ya taɓa maɓalli ba. Tana ɗebo rubutun tushe yadda masu aiki suka bar shi a ranar, da duk gyare-gyaren da aka shigar, ta gina, ta yi masa 'yan gwaje-gwaje, ta ajiye sakamakon a inda kowa zai iya saukewa, da kwanan wata a jikinsa. Idan ginin ya rushe a hanya, ta aika saƙo.

Kalmar dare ɗin ma tana da ɗan ban dariya. Yawancin waɗannan na'urori da agogon duniya na bai-ɗaya suke aiki, wanda agogon Nijeriya da Nijar ya wuce shi da awa ɗaya. Idan aka ce a fara gini ƙarfe goma sha biyun dare, a Kano da Maraɗi ƙarfe ɗaya ta yi, a Kalifoniya kuwa ko magariba ba a yi ba. Firefox Nightly, duk da sunanta, sau biyu ake gina ta a rana. Suna ne dai ya bi ta tun lokacin da masu aiki ke zaune a ofis ɗaya, su tashi da yamma su bar wa na'ura aiki kafin safiya.

Al'adar ta daɗe. Lokacin da kamfanin Microsoft ke haɗa Windows NT, wadda ta fito a 1993, kullum sai sun gina ta gaba ɗayanta. Steve McConnell, a wata maƙala da ya buga a mujallar IEEE Software a 1996, ya kawo cewa rubutun ya kai layi miliyan 5.6 a cikin fayiloli 40,000, kuma ginin kan ci har awa 19 a kan na'urori da dama, amma duk da haka ba su fasa ba. Da Netscape ya saki rubutun manhajarsa ta shiga intanet a watan Maris na 1998, wanda daga shi ne aka samu Mozilla sannan Firefox, ya zo da wani allo mai suna Tinderbox. Kowace na'urar gini tana da layinta a allon: ga na Windows, ga na Mac, ga na Linux. Kore yana nufin lafiya lau, ja yana nufin gini ya rushe. Idan ja ya bayyana, akan rufe ƙofar karɓar sabbin gyare-gyare har sai an gano wanda ya jawo, shi kuma ya gyara ko a janye aikinsa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a wannan allo shi ne layukan. Babbar manhajar da ba ta da layi a allon, babu wanda zai san ranar da ta daina aiki.

Ga yadda abin ke faruwa. Wani mai ƙwazo ya kwashe makonni yana fama har ya sa wata manhajar Linux ta buɗe a kan Windows. Aka yi murna, aka rubuta a takardar bayani cewa yanzu tana aiki a Windows. Shi kuma ya samu aiki, ko ya yi aure, ko dai ya gaji, ya ja jiki. Sauran masu aikin duk Linux ce a gabansu. Suna ta ƙara abubuwa, kowane gyara yana aiki a na'urorinsu, babu mai mugun nufi a cikinsu. Bayan wata takwas aka zo fitar da sabon zubi, aka ce a gina na Windows, sai ga kurakurai jere kamar tururuwa, kuma gyare-gyare dubu sun shiga tun daga ranar da aka yi gini na ƙarshe. Wanne ne ya ɓata? Babu mai iya cewa. Masu sana'ar suna da suna ga wannan, ruɓewa suke ce masa, domin rubutun da ba a taɓa shi ba ma yakan lalace idan duk abin da ke kewaye da shi ya sauya. Da a ce ana gini kowane dare, da tun washegari an ga ja, kuma abin zargi bai wuce gyare-gyaren jiya ba, waɗanda masu su ba su ma manta abin da suka rubuta ba.

To me ke ɓata ginin? Yawanci ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda mutum zai ji kunyar faɗa. A Linux, fayil mai suna Hoto da mai suna hoto fayiloli biyu ne daban. A Windows, da kuma Mac yadda take zuwa daga kanti, abu ɗaya ne. Mai aiki a Mac zai rubuta sunan da babban baƙi a wani wuri, da ƙarami a wani, komai ya tafi daidai a gabansa, dare na yi layin Linux ya koma ja. Windows tana raba sunayen jakunkuna da karan da ya jingina baya, sauran suna amfani da wanda ya jingina gaba. Windows tana rufe kowane layin rubutu da alama biyu da ido ba ya gani, Linux da ɗaya. Akwai sunayen da Windows ta haramta a raɗa wa fayil tun zamanin tsohuwar babbar manhajar DOS, irin su CON da NUL da AUX, don haka fayil mai suna aux.c da ke zaune lafiya a Linux, ko saukowa ba zai yi a Windows ba. Akwai kuma tsohuwar iyakar nan ta haruffa 260 ga tsawon adireshin fayil, wadda har yanzu take kayar da manhajoji da yawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya gagari gyara. Matsalar ita ce ba a ganin su sai an gwada a inda suke.

Mu duba abin da ake buƙata idan masu wata manhaja suka ce za su ƙara sabon layi a allonsu.

Da farko na'ura. Wani lokaci ana iya yin dabara, a gina na wata babbar manhaja a kan wata. Masu VLC a kan Linux suke gina zubinsu na Windows, da taimakon kayan aikin da ake kira mingw-w64. Amma gini daban, gwaji daban: wanda ya ɗinka riga ba tare da ya ga mai ita ba, sai an saka za a san ko ta zauna. Ga Mac kuwa abin ya fi tsauri, domin lasisin Apple bai yarda a ɗora macOS a kan na'urar da ba tasu ba. Dole a sayi Mac, ko a yi haya, ko a samu mai bayarwa sadaka. Shekaru da yawa, layin Mac na ƙananan ayyuka ya dogara ne da wata 'yar na'ura da ke kunne a ɗakin wani ɗan sa-kai. Ranar da ya tashi daga gidan, ko na'urar ta mutu, layin ya tafi ke nan. Sauƙi ya samu daga 2019, da GitHub, dandalin ajiye rubutun tushe, ya buɗe hidimarsa ta GitHub Actions, wadda ke ba ayyukan da ke buɗe ga jama'a aron na'urorin Linux da Windows da Mac kyauta. Yanzu layi ɗaya a cikin fayil ɗin umarni ya isa a ce wa na'ura ta tashi ƙarfe biyun dare kullum ta yi gini. Masu son babbar manhajar FreeBSD da ire-irenta kuwa har yanzu sai sun nemi wata hanya, ko su kawo tasu na'urar.

Sai kayan haɗi. Babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. VLC tana jingine da ɗimbin ƙananan manhajoji da wasu suka rubuta, babbarsu FFmpeg mai warware sauti da hoto. A Linux waɗannan kayan suna nan a rumbun kowane nau'inta, umarni ɗaya ya kawo su. A Windows da Mac sai mai gini ya gina kowannensu da kansa, ya cusa su cikin ƙunshin. Sau da yawa nan ne aikin yake cin makonni, domin ɗaya daga cikin talatin ya ƙi ginuwa, mai shi kuma ya shekara bai amsa saƙo ba.

Sannan hatimi. Tun daga macOS Catalina ta 2019, manhajar da aka sauko da ita daga intanet sai an sa mata hannu an kuma aika wa Apple ya tantance ta, in ba haka ba na'urar ta tare ta a ƙofa. Rajistar da ke ba da wannan dama dala 99 ce a shekara. Windows ma tana fito da gargaɗi mai tsoratarwa ga manhajar da ba ta san mai ita ba. Wannan ya haifar da wata tambaya mai nauyi: tunda na'ura ce za ta yi aikin cikin dare ba mutum a kusa, ina za a ajiye mabuɗin hatimin? Duk wanda ya sace shi zai iya buga sunan aikin a kan muguwar manhaja. Shi ya sa wasu ayyukan suke barin ginin darensu ba hatimi, su rubuta wa mai saukewa yadda zai lallashi na'urarsa ta yarda.

Duk waɗannan, a ganina, su ne masu sauƙin. Mai wuyar shi ne mutum.

Layin da ya koma ja ba wanda ya kula, gara babu shi. Kwana uku yana ja, mako biyu, wata guda, sai idon kowa ya saba, a riƙa cewa ai wancan dama haka yake. Daga nan ko sabuwar ɓaraka ta shigo ba mai gani, tunda ja ba ya ƙara ja. Shi kansa GitHub yakan dakatar da ginin da aka tsara wa lokaci idan aikin ya kwana 60 ba wanda ya taɓa shi. Masu GIMP, manhajar gyaran hoto, sun ɗanɗana wannan a 2020: zubi ya riƙa fitowa ga masu Windows da Linux, masu Mac suna jira, domin haɗa ƙunshin Mac ya rataya ne a wuyan 'yan sa-kai ƙalilan. GIMP 2.10.22 ta fito a Oktoba, ta Mac ba ta iso ba sai Disamba. Ba rubutun tushe ne ya gaza ba, hannu ne ya yi ƙaranci.

Masu harshen kwamfuta na Python sun mayar da wannan darasi doka a rubuce, cikin takardarsu mai lamba PEP 11, kuma ban ga inda aka fayyace maganar kamar nan ba. Sun kasa na'urori hawa uku. Hawa na ɗaya, inda Windows da Linux da Mac na yau da kullum suke, alhakinsa yana kan kowa, kuma idan ya ɓaci ba za a fitar da sabon zubi ba. Hawa na biyu sai yana da na'urar gini amintacciya da aƙalla mutum biyu daga cikin manyan masu aikin da suka sa sunansu cewa su ne masu kula da shi. Gyaran da ya ɓata shi kuma, a gyara ko a janye cikin awa 24. Hawa na uku yana buƙatar na'urar gini da mutum ɗaya, amma ɓacinsa ba ya hana fitar da zubi. Wanda ba shi da na'ura kuma ba shi da mai tsaya masa, ba ya cikin lissafi, ko da kuwa yau yana aiki. Ta wannan ƙofa ce iOS da Android suka shiga hawa na uku a Python 3.13, a Oktoban 2024. Ba ranar ce Python ta fara aiki a waya ba, mutane sun daɗe suna lallaɓa ta da faci. Ranar ce dai aka samu na'ura mai dubawa da mutumin da za a kira.

Ƙofar kuma tana buɗewa ta baya. A Nuwamban 2020 Apple ya fito da na'urori masu ƙwaƙwalwar M1, ya fara juya wa ƙwaƙwalwar Intel baya. Kowa ya shiga neman sabuwar na'ura don ƙara layi: Firefox 84 ta iso da nata a Disamban 2020, VLC 3.0.12 a Janairun 2021. Masu harshen kwamfuta na Rust ba su ɗaga sabuwar Mac zuwa hawansu na ɗaya ba sai a 2024, bayan an samu na'urorin da za su riƙa yi mata gwaji a kai a kai. A 2025 kuma suka sauke tsohuwar Mac mai Intel zuwa hawa na biyu, suka faɗi dalili a fili: na'urorin kyauta da suke gwada ta a kai za su ƙare. Ana ci gaba da gina ta, amma ba a ɗaukar alkawarin an gwada.

Akwai wani amfani na ginin dare da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi burge ni. Tunda kowane gini yana da kwanan wata kuma ana adana su, sun zama kundin tarihi da za a iya kunnawa. A ce wani abu yana aiki a Firefox bara, bana ya daina, kuma ba ka san komai game da rubutun tushe ba. Sai ka sauke ginin tsakiyar shekara ka gwada. Yana aiki? To ɓarnar tana rabi na biyu. Ka sake raba wannan rabin biyu, ka gwada na tsakiya. Kwana 365 ba sa buƙatar fiye da gwaji tara kafin ka tsaya a kan daren da abin ya lalace. Mozilla tana da wata 'yar manhaja mai suna mozregression da ke yin saukewar da rabawar, kai naka kawai ka ce mata wannan yana yi, wannan ba ya yi. Amma dabarar tana aiki ne kawai ga wanda ake gina wa kullum. Mai babbar manhajar da ba ta da layi, ba shi da abin da zai raba.

Ina namu a ciki? Akwai, kuma kusa yake. Ɗauki fayil ka raɗa masa suna da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ka ce ƙasa, ko ɗaki, ko ɓera. Linux da Mac suna riƙe sunayen fayil ta hanyar da ta ɗauki waɗannan baƙaƙe ba gardama. Windows ma tana iyawa, amma tana da ƙofa biyu: sabuwa wadda ta san baƙaƙen duniya, da tsohuwa wadda ke aiki da ɗan taƙaitaccen jerin baƙaƙe, kuma jerin Yammacin Turai da yawancin kwamfutocinmu ke zuwa da shi ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Manhajar da aka ƙauro da ita daga Linux cikin gaggawa takan bi ta tsohuwar ƙofar. Sakamakon shi ne ka danna fayil ɗinka, ta ce maka babu shi, ko ta nuna alamar tambaya a gurbin baƙin. Gini ya yi kore, gwaje-gwaje sun wuce, domin wanda ya rubuta gwajin bai taɓa tunanin fayil mai suna ƙasa ba. Na'ura abin da aka ce ta duba kaɗai take dubawa. Irin wannan kuskure sai mai harshen ne zai gano shi, kuma lokacin da ya fi dacewa ya gano shi shi ne tun manhajar tana ginin dare, gyara yana da arha, wanda ya yi aikin yana nan kusa.

Ba ina cewa kowa ya ruga ya sauke ginin dare ba ne. Ɗanye ne. Yana iya rufewa kana tsakiyar aiki, yana iya adana fayil a sigar da tsohon zubi ba zai iya buɗewa ba, kuma sabuntawa kullum tana cin data. Wanda ke da kwamfuta ɗaya tal da yake neman abinci da ita, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ya tsaya a kan tabbataccen zubi. Kada kuma a sauke shi daga ko'ina sai daga gidan masu manhajar, musamman da yake wasu ba su da hatimi.

Amma idan kana da na'ura ta biyu, ko kana karatun kwamfuta kana neman ƙofar shiga wannan duniya, gwada. Ɗora ginin dare a gefen wanda ka saba da shi, ka ajiye kwafin fayilolinka a wani wuri, ka yi aikinka na kullum da rubutun Hausa. Idan wani abu ya ɓaci, ka rubuta wa masu aikin abu huɗu: kwanan watan ginin, sunan babbar manhajarka da lambarta, abin da ka danna daki-daki, da abin da ka gani. Ka haɗa musu da fayil ɗin mai suna ƙasa.